Sili Uku a Kan Maraya: Zhang Leping da Zanen Yunwa

Wanda ya zauna a Birnin Lalle ko cikin garin Dakoro a shekarar 2005 ya ga yadda ake ɗaukar hoton yaro mai yunwa. Baƙi su sauka a cibiyar masu tamowa, su auna haƙarƙari da ƙudajen bakin ido, su ɗauka, su wuce. Yaron cikin hoton ba suna, ba dabara, sai zuru. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne akwai wata hanyar nuna yunwa da ba ta tuɓe wa yaro mutuncinsa, kuma wani mai zanen barkwanci na ƙasar Sin, Zhang Leping, ya bi ta tun da daɗewa.

An haifi Zhang a 1910 a Haiyan, lardin Zhejiang. A 1935, a birnin Shanghai, ya ƙirƙiro Sanmao, wato "gashi uku": yaro mai ƙaton kai da siraran ƙafafu, ga sili uku cako-cako kamar tukkun da wanzami ya bari. Da fari ɗan ƙiriniyar unguwa ne kurum. Yaƙi da Japan ya sauya shi. Daga 1937 Zhang ya bi ayarin masu zane suna yawo gari-gari don zaburar da jama'a, kuma a 1946 jaridar Shen Bao ta fara buga Sanmao a matsayin ɗan soja da kaki ya yi wa yawa.

Gwanintar ta cika ne a 1947, a jaridar Ta Kung Pao, inda Sanmao ya zama maraya mai kwanan titi. Zhang ya ba da labarin wani dare na ƙanƙara da ya wuce yara uku suna jin ɗumi a lungu; da safe biyu sun rasu. Duk da haka bai zana yaron da ke jiran sadaka ba. Sanmao na tallar jarida, yana goge takalma, yana tura keken ɗaukar mutane, ya lulluɓa da tsohuwar jarida in sanyi ya tsananta. A wani zanen ya rataya wa kansa farashi yana neman mai saye, sai ga ƴar tsana a shago ta fi shi tsada. Mai kallo zai yi dariya, sannan dariyar ta maƙale masa a wuya. Wayonsa irin na Gizo ne, sai dai shi yakan raba ɗan abin da ya samu da wanda ya fi shi rashi.

Kusan duk zanen ba rubutu a cikinsa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakol ba za ta karance shi tsaf, har ta ce ai wannan almajirin da ke zuwa ƙofarta ne da ƙoƙo.

Bayan 1949 sabuwar gwamnati ta so a ga Sanmao ya ƙoshi. Ya shiga makaranta, ya ɗaura jan ƙyalle a wuya, ya zama yaron kirki, kuma a ganina nan gishirin ya ragu: zanen ya koma yabon hukuma. Hakan ma bai tsirar da Zhang ba, don a Juyin Al'adu da ya fara a 1966 an muzguna masa, aka raba shi da aikinsa shekaru. Ya rasu a Shanghai a 1992. Da bikin littattafan zane na Angoulême a Faransa ya tashi karrama aikinsa a 2015, Sanmao na kwanan titi aka zaɓa.