Allura Da Zaren Ulu: Yadda Koyon Surfani Ya Biyo Mu Har Abijan

Jama'a, a kasuwannin Adjamé da Treichville, har da ta Belleville, zaren ulu ba ya wuyar samu, curi-curi, launi-launi. Abin da ya fara wuya a tsakaninmu shi ne hannun da ya san yadda ake sarrafa shi a kan ƙyalle. Ya kamata mu waiwayi inda wannan sana'a ta fito, da yadda magabatanmu suka koye ta, kafin mu yi maganar yadda za mu miƙa ta ga na baya.

A ƙasar Hausa, surfani ya girmi ulu nesa ba kusa ba, kuma a da aikin maza ne. Bayan jihadin 1804, babbar riga ta zama abin da sarakunan Daular Sakkwato ke yi wa malamai da hakimai da manyan baƙi kyauta da shi, sai Zazzau da Kano da Bida ta ƙasar Nufe suka shahara da ɗinkinta. Zarensu auduga ce da tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, sai kuma alharini da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, malum-malum. Riga ɗaya takan ci watanni kafin ta bar hannun maɗinki.

Makarantar wannan aiki zaure ce. Gwani ne ke zana surar a jikin riga, sa'an nan a raba aikin. Almajiri, bayan ya jingine allo, sai ya zauna kusa da na gaba da shi yana kallo. Da farko zare kawai yake zura wa allura. Daga nan a ba shi gefen da ido bai cika kaiwa ba. Idan ɗinkinsa ya karkace, a warware a gabansa ya sake. Sai ya daɗe a haka kafin a yarda ya taɓa aljihun riga. Babu littafi, babu takardar shaida. Da koyo akan iya. Da wannan allurar almajirai da yawa suka ciyar da kansu har suka sauke karatu.

Ulu kuwa baƙo ne da ya shigo ta kantunan Turawa da darussan ɗinki a makarantun 'yan mata na zamanin mulkin mallaka. Mata ne suka karɓe shi suka mai da shi ɗan gida. Da shi suka riƙa ƙawata zanen gado da rigar matashin kai da marufin tebur, suna fitar da furanni da tsuntsaye, har ya zama ana ganin hannun uwa a jeren ɗakin 'yarta. Kaurinsa ya sa yana cika zane da wuri, kuskure kuma a fili yake, shi ya sa ya dace da mai koyo. Ta ɗinkin hula da irin wannan aiki mata suka goge, har a ƙarshen ƙarni na 20 matan birnin Zariya suka shiga surfanin manyan riguna daga cikin gidajensu. A 1994 wasunsu suka kafa ƙungiya mai sunan Sarauniya Amina, suna sayar da aikinsu har ƙasashen waje.

To, mu ta yaya abin ya iso mana? Ta hanyar goro. Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke zuwa Salaga da Bonduku, suna kawo tufafi da kanwa, suna komawa da goro. Da jirgin ƙasa ya haɗa Abijan da Bwake a 1912, ya kai Wagadugu a 1954, aka kuma buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950 wanda ya ba birnin babbar tashar jiragen ruwa, sai mutanenmu daga Nijar da Najeriya suka gangaro bakin teku. Treichville da Adjamé su ne unguwannin da baƙi suka fi sauka. A cikin kayan da suka zo da shi har da allura da zanen da ke cikin ka.

Amma zaure bai biyo mu ba. Gidan haya na tsakar gida ɗaya da iyalai goma ba ya barin wurin da yaro zai wuni kusa da gwani. Keken surfani ya zo yana gama wuyan shadda a yini guda. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, zare ma bai tsira ba. Yau a cikin 'ya'yanmu akwai wanda zai sa aska takwas ranar Salla, bai san sunanta ba.

Abin da ya tsaya a gurbin zaure shi ne aji. Tun gab da samun 'yancin kai na 1960 aka fara buɗe cibiyoyin koyar da mata a wannan ƙasa, waɗanda a yau ake kira IFEF, inda ake koyar da karatu da ɗinki da surfani. Duk ajin da ke sa ɗaliba ta riƙe allura da kanta, malama na duba bayan ƙyalle kamar yadda take duba gabansa, ya gaji zaure ko bai sani ba. Sai dai aji zai koyar da riƙon zare, ba zai koyar da tambari da aska ba, domin ba gadonsa ba ne. Wannan yana hannun tsofaffinmu da suka rage, kuma idanunsu na ta raguwa.

Saboda haka muna kira ga iyaye su tura yara, mata da maza, su koyi aikin hannu, su kuma haɗa su da dattijon da zai zana musu surar ya faɗi sunanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya san gwani a unguwarsu, ya kai masa ɗalibi tun allura ba ta faɗi daga hannunsa ba. Allah ya sa albarka a sana'a.