Haƙƙin Ma'aikacin Da Ya Ajiye Aiki Idan Aka Taƙaita Masa Wa'adin Sanarwa

Idan ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki, sannan mai aiki ya umarce shi da ya tafi kafin wa'adin sanarwar ya cika, albashin sauran kwanakin haƙƙinsa ne, sai dai idan shi da kansa ya yafe.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004, ya ƙayyade wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewar mutum a bakin aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Sanarwar mako ɗaya ko fiye dole ta kasance a rubuce. Idan takardar ɗaukar aiki ta tanadi wa'adi mafi tsawo, ita ake bi.

Sashen ya amince kowane ɓangare ya yafe sanarwa ko ya karɓi kuɗi a madadinta. Alal misali, mai albashin N150,000 da ya ba da sanarwar kwana 30, aka sallame shi bayan kwana 10, zai karɓi ladan kwanakin da ya yi aiki, da kuma N100,000 na kwana 20 da suka rage. Dokar ba ta lissafa alawus da kuɗin ƙarin lokaci cikin wannan diyya.

Hukuncin yana sauyawa idan ma'aikacin ne ya nemi tafiya da wuri aka yarda masa, ko kuma ya aikata babban laifin da ya halatta kora nan take. Shi ya sa ya kamata ya nemi a rubuta masa umarnin taƙaita wa'adin, kuma kada ya sa hannu a takardar yafe haƙƙi bai karanta ba.

Kuɗin fansho ma nasa ne. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 daga mai aiki da kashi 8 daga ma'aikaci, kuma asusun yana bin mai shi duk inda ya koma. Wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba yana iya neman cire abin da bai wuce kashi 25 ba.

Dokar Ƙwadago ba ta shafi manajoji da ƙwararrun ma'aikata ba. Su yarjejeniyar aikinsu ce madogara. Duk wanda aka hana wa haƙƙinsa yana iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ya shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa irin waɗannan shari'o'i.