Daga Ruwan Bagaja zuwa littafin salula

A watan da ya wuce na karɓe salular wata ɗaliba ana tsakiyar darasi. Na ɗauka hira take yi, ashe littafi take karantawa. Da na mayar mata, na ce ta turo mini shi, ita kuma ta haɗo da wani. Na farkon na soyayya ne: ɗan attajiri da ƴar talakawa, motoci da gidaje kamar ba a ƙasar da ake auna gero da tiya ba, kuma akwai shafukan da ba zan so ƴata ta gani ba. Na biyun yariman aljanu ne ya sace amarya ranar ɗaurin aure. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na kai ƙarfe biyu na dare a kansa.

Raina ya ɓaci da farko, amma da na tuna tarihi sai na sassauta. Soyayya da aljanu ba baƙi ba ne a ƙagaggen labarin Hausa. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu da aljanu a ciki. Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. A 1980 Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya. Daga nan Kano ta ɓarke da rubutu: Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu a 1990, kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991.

Mu a Maraɗi ƴan kasuwa ke shigo mana da su ta Jibiya da Ɗan Isa. A lakwal Faransanci kawai aka koya mini. Makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa, da aka fara a Damagaram a 1973, ba su kai unguwarmu ba. Karatun Hausa a littafin soyayya na yayata na koye shi, a ɓoye, da fitilar ƙwai. A lokacin ma iyaye sun ce littattafan na lalata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano a bainar jama'a. Wutar ba ta hana kowa karatu ba.

Abin da ya sauya shi ne hanyar da labari ke bi ya iso ga yaro. Da, littafi na da bango da sunan marubuci, uwa na iya tsintarsa ƙarƙashin matashi ta duba. Yau ta WhatsApp da Wattpad yake zuwa, babi-babi, wani da sunan aro, ba wanda ya tace, ba babban da ya gani. Nan damuwata take.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ga kuma yara suna karanta ta da kansu ba wanda ya tilasta musu. Idan muka tsaya ga ƙwace salula, za su ci gaba da karatun, mu ne kawai ba za mu san me suke karantawa ba. Shawarata ga malamai da iyaye: ku karɓi littafin ku karanta, sannan ku zauna da yaron.

Na yi haka da ɗalibata. Na tambaye ta inda ɗan attajirin ya samu kuɗinsa, ta yi shiru, ta yi dariya, ta ce marubuciyar ba ta faɗa ba. Na ara mata Wa Zai Auri Jahila? Bayan kwana uku ta dawo da shi, ta ce labarin ƴar ƙanwar babarta ne sak, ta tambaye ni ko akwai wani. Allah ya shirya mana zuri'a.