Sanƙarau na 1996 da Kunnuwan da Ya Toshe

A bazarar 1996 sanƙarau ya ratsa Arewa, Kano da Katsina sun ji jiki. Sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Wasu da suka tashi, ko kiran salla ba su ƙara ji ba.

Me ya faru? Ƙwayar cutar kan bi ruwan ƙwaƙwalwa ta shiga can cikin kunne, wurin da ke naɗe kamar katantanwa. Sai ta kashe 'yan gashin da ke kama sauti, su kuwa ba sa sake tsirowa. Wani sa'in wurin kan cike da ƙashi cikin 'yan makonni.

Rigakafin MenAfriVac ya iso Najeriya a 2011. Duk da haka, ko a Funtua ko Malumfashi, yaron da ya tashi daga sanƙarau a gaggauta gwada jinsa.