Yadda Iko Ya Rarrabu a Ƙasar Gobir ta Gabashin Sakkwato

Rabon iko tsakanin cibiya da bakin iyaka tsohon zance ne a Sabon Birni da Isa. Bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun watse. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da yaƙar Sakkwato. Daga baya ɗaya daga cikinsu, Ɗan Halima, ya ɓalle, ya kafa Sabon Birni, ya yi sulhu da Sarkin Musulmi. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, a hannun zuriyar Muhammadu Bello. Shi ya sa har yau ake da Sarkin Gobir a kowanne daga garuruwan biyu. A wancan zamani sarkin iyaka yana kai gaisuwa Sakkwato, amma shi ke da dakarunsa, shi ke tsare ganuwarsa.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, yarjejeniyarsu da Faransa kuma ta bar Tsibiri a ƙasar da ta zama Nijar. Sarakunan Sabon Birni da Isa suka koma hakimai ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Dagaci ya tara haraji da jangali, hakimi ya kai baitulmali, En'e ta riƙe alƙalai da 'yan doka da gidan yari.

Tsarin mulkin 1954 ya kawo tarayya. A 1967 Janar Gowon ya rushe Jihar Arewa, yankin ya faɗa Jihar Arewa maso Yamma, sannan gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka, ta haɗe su da 'yan sandan ƙasa. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. Fitar Zamfara a 1996 ta mayar da Isa bakin iyakar jiha.

Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwa da tasha da hannu a makarantun firamare, amma ya ce kuɗinta su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, 'yan sanda da soja kuma na Abuja ne. Illar wannan ta fito fili lokacin da 'yan bindiga suka riƙa ɗora wa ƙauyukan yankin haraji, musamman a 2021: shugaban ƙaramar hukuma da hakimi, waɗanda suka san kowane ƙauye da sunansa, ba su da ikon tura ko ɗan sanda ɗaya. Mutane da yawa suka tsallaka Maraɗi gudun hijira, wurin dangin da iyaka ta raba su. A 2024 Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da nata askarawan, a watan Yuli kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.