Tsibirin Howland da Muryar da Aka Kasa Bi

A ranar 2 ga Yuli, 1937, Amelia Earhart da jagoranta Fred Noonan suka tashi daga garin Lae na Niyu Gini cikin jirgi ƙirar Lockheed Electra, suka nufi Howland, wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik da tsawonsa bai kai kilomita 3 ba. Tazarar ta haura kilomita 4,000. Burinsu su kewaye duniya, kuma ba laifi mu tuna cewa a watan Yuni sun ratsa ta kusa da mu, sun sauka a Gao da Fort Lamy, watau Njamena ta yau.

Noonan gwani ne wajen aikin taurari, amma lissafin taurari kusa da wuri yake kai mutum. Rediyo ne aka dogara da shi ya ƙarasa aikin. Dabarar kuwa duk mai ƙaramin akwatin rediyo ya san ta, domin idan ya juya shi sai tasha ta ƙaru ko ta dushe. Jirgin yana da eriya mai siffar zobe. Ana juya ta har sautin ya kusa ɗaukewa, daga nan a gane layin da tashar take.

Jirgin ruwan Amurka mai suna Itasca yana jira a gaɓar tsibirin domin wannan aiki. Sai dai na'urarsa ta gano alƙibla ba ta wuce kilohaz 550 ba, alhali Earhart tana magana ne a gajeren zango, a kan 3105. Doguwar wayar da za ta ba ta damar aikawa a zangon da ya dace an cire ta tun a Amurka. Bugu da ƙari, daga ita har Noonan babu wanda ya ƙware a saƙon Morse. A ganinmu, a nan aka yi sake, tun jirgi bai tashi ba.

Ma'aikatan Itasca sun ji muryarta tangaram tana cewa mai ya yi ƙasa. Sau ɗaya kacal ta amsa cewa ta ji su, a kan 7500, zangon da zoben nata bai iya ba da alƙibla a kai ba. Saƙonta na ƙarshe ya iso da ƙarfe 8:43 na safe. Sojan ruwan Amurka suka shafe fiye da mako biyu suna cigiya, ba su ga ko ɓalli ba.