Tarin ƙanena da jan rinin Jamus

1/ Bara ƙanena ya yi wata biyu yana tari a nan Romi, aka ce a kai kakinsa gwaji. Na tambayi ma'aikacin: wai me kuke masa? Ashe abin tun daga Jamus ya faro.

2/ Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka. Fatarta maiƙo ce, da ƙyar rini ke kama ta. Ziehl da Neelsen suka gyara dabarar: a shafa kaki a gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama, a wanke da asid. Komai zai saki launi ban da ita.

3/ Har yau ana koyar da wannan a cibiyar Saye, Zariya. Amma fa sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 a mililita ɗaya madubin ke nuna su. Na ƙanena bai nuna ba, har mun fara murna.

4/ Na'urar GeneXpert ce ta kama shi. Da ya gama maganin wata shida kuwa, da tsohon jan rinin nan aka tabbatar ya warke.